Filin Tambaya da Amsa: Mutum-mutumi a Rumfar Mai Sana'ar Hannu

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk sun taru a kan magana guda, wato shigowar mutum-mutumi mai aiki kafaɗa da kafaɗa da mutum, wanda ake kira kobot, cikin sana'o'in da aka gada ana yi da hannu, tare da fasahohin da ke rage ɓarnar ruwa da wuta da lafiyar ma'aikaci. Mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam Injiniya. Ni baduku ne a birnin Kano, na gaji sana'ar daga mahaifina, ina yin takalma da jakunkunan mata tare da yaran shagona. Wani abokin cinikina da ke zuwa Italiya ya nuna mini bidiyo a waya, inda wani hannun ƙarfe yake shafa gam a ƙasan takalmi, ga mutum a gefensa yana nasa aikin, babu ko shinge a tsakaninsu. Mene ne wannan abu, kuma zai iya aikin da muke yi a rumfa irin tawa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya sa wa sana'a albarka. Mutum-mutumin masana'anta ya daɗe a duniya, domin tun 1961 kamfanin motoci na General Motors ya kafa na farko, mai suna Unimate, a wata masana'antarsa da ke jihar New Jersey ta Amurka, inda yake ɗauko ƙarfe mai zafi daga injin zubi. Irin waɗannan manya ne, masu ƙarfi da sauri, kuma ba su da hanyar sanin cewa akwai mutum a kusa, shi ya sa ake tsare su cikin keji. Abin da ka gani a waya wani reshe ne dabam. A 1996 malamai biyu na Jami'ar Northwestern a Amurka, Edward Colgate da Michael Peshkin, suka fito da na'urar da za ta yi aiki hannu da hannu da ma'aikaci, kuma tasu ta farko ba ta ma motsi da kanta, mutum ne yake tura kaya ita kuma tana daidaita masa hanya. Wanda ya mayar da abin hajar kasuwa shi ne kamfanin Universal Robots, wanda wasu injiniyoyi uku suka kafa a birnin Odense na ƙasar Denmak a 2005, suka kuma sayar da hannunsu na farko, UR5, a ƙarshen 2008. Wannan hannu yana da gaɓoɓi shida, yana ɗaukar nauyin kilo 5, yana miƙewa har santimita 85, nauyinsa kansa kimanin kilo 18 ne, kuma a aikin yau da kullum wutar da yake ci ba ta wuce kimanin wat 200 ba. Idan ya ci karo da wani abu a hanyarsa yana jin turjiyar, sai ya tsaya.

Abin da ya sa ƙananan masu sana'a suka waiwaye shi shi ne sauƙin koya masa aiki. Ba sai an ɗauko masanin kwamfuta ba: ma'aikaci yana kama hannun da nasa hannun, ya kai shi wuraren da yake so ya bi, ya danna allo ya ajiye kowane matsayi, daga nan na'urar za ta maimaita wannan tafiya sau dubu ba tare da ta kauce ba. Duk da haka har yanzu kobot tsiraru ne. Ƙididdigar ƙungiyar IFR mai lura da harkar a duniya ta nuna cewa cikin mutum-mutumin masana'antu fiye da dubu 550 da aka kafa a 2022, kusan ɗaya bisa goma ne kawai kobot.

A sana'arka kuwa an yi gwaji na gaske. Tsakanin 2010 da 2013 Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin wani shiri mai suna ROBOFOOT, wanda ya haɗa cibiyoyin bincike da masu yin takalman fata na Sifen da Italiya, kuma ayyukan da aka ɗora wa mutum-mutumi a ciki su ne kankare ƙasan fata kafin a manna tafin takalmi, da shafa gam, da feshin launi, da goge takalmi, da shirya shi a kwali. Ka lura da wannan jeri da kyau, domin duk ayyuka ne da ake yi bayan an ɗaure fata a kan katakon ƙafa, ta tsaya cak ba ta motsi, kuma yawancinsu ayyuka ne masu ƙura ko warin sinadari. Haka lamarin yake a wajen kafintoci. Wani kamfanin Kanada mai suna Paradigm, da ke yin akwatunan lasifika na katako masu sheƙi, ya ba kobot gugar farko mai gajiyar da kafaɗa, ya bar wa ƙwararren ma'aikaci gugar ƙarshe da duba aibi, suna aiki a wuri ɗaya.

Inda na'urar take gazawa shi ne wurin da sana'arka take da daraja. Fata ba ta da siffa guda: ta wuya ta fi ta ciki kauri, tana miƙewa ta wani ɓangare ta ƙi ta wani, ga tabon kaska, ga zanen ƙaya, ga inda wuƙar mahauci ta zarce lokacin fiɗa. Baduku yana shimfiɗa ta, ya shafa da tafin hannu, nan take ya san inda zai fitar da fuskar jaka da inda zai ɓoye a ciki. Kama abu mai laushi da lanƙwasa shi da ɗinke shi yana cikin mafi wuyar ayyuka ga mutum-mutumi har yau, kuma ko manyan kamfanoni sun ɗanɗana wannan. A 2019 kamfanin takalma na Adidas ya sanar da rufe masana'antunsa biyu da ya gina a kan injina masu sarrafa kansu, ɗaya a Ansbach ta Jamus ɗaya a Atlanta ta Amurka, kuma cikin dalilan da aka bayar akwai cewa nau'in takalmi kaɗan injinan suke iya yi.

Sai maganar kuɗi. Hannun da sanannun kamfanoni suke ƙerawa yakan kama daga dala dubu 20 zuwa dubu 50, na kamfanonin Sin ya fi araha, amma hannu kaɗai ba ya aiki sai an haɗa masa abin riƙo, da teburi, da maƙalan da za su tsayar da takalmi a wuri guda, wani lokaci har da kyamara, kuma waɗannan suna iya cin kuɗin da ya kai na hannun kansa. Ba ya biyan kuɗinsa sai idan yana maimaita aiki iri ɗaya na sa'o'i masu yawa kowace rana. A rumfar da yau ana jaka, gobe takalmin ango, jibi kuben wuƙa, ban ga yadda zai biya ba, kuma ba zan ba ka shawarar ka ci bashi saboda shi ba. Da kuɗin da bai kai ɗaya bisa goma na wannan ba za ka sami injin rage kaurin bakin fata, da injin yanka mai dannawa, da keken ɗinkin fata mai kyau, da fankar zuƙe ƙura da warin gam, kuma waɗannan su ne za su canza ingancin kayanka da lafiyar yaranka tun daga watan farko.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ni dattijo ne a Zariya, na shekara fiye da arba'in ina ɗinkin babbar riga da hannu. Da idona na ga yadda ɗinkin kwamfuta ya janye mana kasuwa, har yara sun daina zama su koyi aska takwas. Yanzu kuma ina jin ana maganar mutum-mutumi. Ɗana, ka gaya mini gaskiya, idan inji ya shigo cikin aiki, da wane baki za a kira shi aikin hannu, kuma wa zai koya wa na baya?

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Tambayarku ita ce ta fi kowace nauyi a cikin waɗannan wasiƙu, kuma ba zan ce muku tsoronku ba shi da tushe ba, tun da kun riga kun ga abin ya faru sau ɗaya. Abin da zan iya yi shi ne in kawo muku yadda wasu masu sana'ar gado suka bi da injin da ya zo musu, domin ba hanya ɗaya suka bi ba.

Masaƙan unguwar Nishijin a birnin Kyoto na Japan, waɗanda suka shahara da saƙar alharini ta sarakuna, sun shiga mawuyacin hali bayan da fadar sarki ta koma Tokyo. A 1872 aka tura mutanensu birnin Lyon na Faransa, suka koyo aiki da masaƙar Jacquard, wadda take ɗaga zare bisa tsarin da aka huda a kati, suka dawo da ita gida. Ba su bar zanensu na gado ba, injin ya ɗauke musu wahalar ɗaga zare, su kuma suka riƙe zaɓen launi da tsara zane da saƙar da ta fi ƙarfin inji, kuma har yau ana saƙa a wannan unguwa. Mutanen tsibiran Outer Hebrides na Sikotilan sun bi ta wata hanya. Dokar da majalisar Birtaniya ta yi a 1993 ta ce ba za a kira yadi Harris Tweed ba sai mazauna tsibiran ne suka saƙa shi da hannu a gidajensu, da ulun da aka rina aka kuma kaɗa a can. Rini da kaɗi injinan masana'anta ne suke yi, amma saƙar kanta sai da masaƙar da mutum yake takawa da ƙafa, kuma akwai hukumar da take duba yadin ta buga masa tambari. Indiya ma ta yi doka a 1985 da ta keɓe wasu nau'o'in tufafi ga masaƙan hannu kaɗai.

Darasin da na ɗauka a nan shi ne cewa su masu sana'ar ne suka zauna suka shata iyaka, suka ce daga nan zuwa nan inji yana iya shiga, daga nan kuma sai hannu, sannan suka samo wa iyakar tambarin da mai saye zai gane. Abin da ya cuci ɗinkin hannu a wajenmu bai tsaya ga injin kwamfuta ba. Mai saye a kasuwa, musamman matashi, sau da yawa ba shi da abin da zai tabbatar masa cewa wannan riga an yi watanni ana zuba mata allura, waccan kuwa inji ya gama ta cikin yini. Da ƙungiyoyin masu ɗinkin riga da hula na Zariya da Kano da Bidda za su amince da alama guda mai ɗauke da sunan maɗinki da garinsu, su kuma tsaya a kan hukunta wanda ya manna ta a kan aikin inji, da an yi rabin tafiya.

Game da kobot kansa, hankalinku ya kwanta a kan allura, domin ɗinki a kan yadi mai laushi yana cikin abubuwan da ba ya iyawa. Amma maganarku ta biyu, wato wa zai koya wa na baya, tana nan daram, kuma masu tallar wannan na'ura ba su cika son tattauna ta ba. Suna cewa za ta ɗauke aiki mai gundura ta bar wa mutum mai daɗi, suna mantawa da cewa a cikin aikin nan mai gundura ne yaro yake samun hannu. Yaron maƙera da ya shekara yana zuga yana kallon launin ƙarfe a wuta, da yaron kafinta da ya goge katako har tafinsa ya san bambancin maɗaci da sauran itatuwa, ba ɓata lokaci suka yi ba. Idan aka miƙa wa inji dukkan wannan mataki, za a sami ƙwararru na yau amma ba za a sami na gobe ba. Ra'ayina shi ne duk shagon da ya kawo irin wannan na'ura ya wajabta wa kansa cewa almajirin sana'a sai ya iya aikin da hannunsa kafin a ba shi izinin koya wa na'urar, tun da dai ba za ta taɓa yin gugar da ta fi ta wanda ya kama hannunta ya nuna mata ba. A watan Janairun 2021 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da wata takardar manufa a kan makomar masana'antu, wadda ta ce a sa ɗan'adam a tsakiyar tsari, a kuma kula da muhalli da juriyar masana'anta. Magana ce mai kyau, amma ba a takarda ake tabbatar da ita ba, sai a shago, ranar da maigida zai yanke shawarar ko ya ci gaba da ɗaukar yara ko ya daina.

TAMBAYA: Malam, ni mai walda ne a Panteka, Kaduna. An ce wannan mutum-mutumi ba ya ji wa mutum ciwo ko ya buge shi. Gaskiya ne? Kuma zai iya yi mini waldar kujerun makaranta idan na sami kwangila?

AMSA: Ɗan'uwa, kada ka yarda da wannan magana yadda aka faɗa maka ita. A 2016 hukumar ƙa'idoji ta duniya ta fitar da ma'auni mai lamba ISO/TS 15066, wanda ya ƙayyade iyakar ƙarfin da na'urar za ta iya taɓa jikin mutum da shi, bisa gwajin jin zafi da aka yi a Jami'ar Mainz ta Jamus a kan mutum 100, a wurare 29 na jiki. Ma'aunin ya fi tsanantawa a kan fuska da kai. Amma abin da hannun yake riƙe da shi shi ne abin dubawa: hannu mai tsayawa idan ya taɓa ka, idan wuƙa ce ko dutsen guga ko bakin walda a ƙarshensa, ya riga ya yi ɓarna kafin ya tsaya. Hasken walda zai ƙone ido ko wane ne yake riƙe da ita, saboda haka labule da gilashin fuska suna nan yadda suke. Amfanin da na gani a gare ka shi ne nisantar hayaƙi, domin a 2017 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar.

Kujerun makaranta kuwa irin aikin da ya dace da shi ne, tun da haɗi ɗaya ne ake maimaitawa sau ɗaruruwa, kuma walda tana cikin ayyukan da ƙananan shaguna a Turai da Amurka suka fi saya masa. Sharaɗi biyu ne. Yana aiki da walda mai zaren waya da iskar gas, wadda ta bambanta da ta sanda da aka saba da ita a Panteka. Sannan dole kowane ƙarfe ya zo da tsawo ɗaya, a kuma ɗaure shi a maƙali ɗaya, domin kai idan ka ga giɓi kana cike shi da dabara, shi kuwa zai bi layin da aka koya masa ko ƙarfen yana wurin ko ba ya nan. Ka fara da injin yanka mai kyau da maƙalin da ka ƙera da kanka, za ka ga saurin aikinka ya ƙaru tun kafin ka yi tunanin kobot.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni 'yar kasuwa ce a Damagaram, ina haɗa jakunkuna da matasan kai na fata daga wajen dukawanmu ina aika wa wasu shaguna a Faransa. Yanzu sun fara tambayata da me aka jeme fatar, da ina ruwan jimar yake zuwa, har suna neman takardar gwaji. Mene ne suke nufi da fasaha mai ɗorewa, kuma mu da ba mu da manyan injina ina za mu sa kanmu?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Kina cikin matsayi mafi kyau fiye da yadda kike zato, kuma zan fara da dalilin tambayar tasu. Mafi yawan fatar duniya, fiye da kashi uku cikin huɗu, ana jeme ta ne da gishirin wani ƙarfe da ake kira kuromiyam, saboda yana gama aiki cikin yini guda kuma yana ba da fata mai laushi mai jure ruwa. Nau'in da ake jima da shi ba shi ne mai tsananin haɗari ba, amma idan aka yi sakaci a wajen aiki ko ajiya, wani ɓangarensa yana rikiɗewa zuwa nau'i na shida, wanda yake sa ƙaiƙayi da gyambon fata. Tun daga watan Mayun 2015 Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan fata masu taɓa jiki idan wannan nau'i na shida ya kai miligiram 3 a kowane kilo. Akwai kuma hani a kan wasu rinin kanti da ke sakin sinadarai masu cutarwa. Takardar da suke nema ta waɗannan ce, kuma ɗakin gwaji ne kaɗai yake bayar da ita.

Majemanmu na gargajiya ba su san kuromiyam ba. Da bagaruwa suke jima, wadda mutanen Sudan suke kira garad suke kuma jima da ita, a shafe fata da man gyaɗa, a rina ja da karan dafi. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi da aka jeme haka ita ce ayari suka riƙa tsallaka Sahara da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Abin da a yau ake sayarwa da tsada a Italiya da sunan jimar tsirrai, wanda majeman yankin Tuskani suka kafa wa ƙungiya da tambari a 1994, dangin wannan jima tamu ne na kusa. Saboda haka abu na farko shi ne ki bi sawun fatarki har majema, ki tabbatar dukawanki ba sa cakuɗa ta da ragowar fatar kamfani da ake saye a kasuwa, kuma ki san irin rinin da suke sawa.

Sai dai kada mu yaudari kanmu cewa duk abin gargajiya tsarkakakke ne. Ruwan da aka cire gashi da shi da wanda aka jeme da shi, ko na bagaruwa ne, yana da ƙazanta mai yawa, kuma idan ya kwanta a kwata yana wari yana ɓata rijiyoyi. Fatar da ba a wanke ta sosai ba bayan an jiƙa ta da kashin tsuntsaye tana riƙe wari, kuma wannan yana cikin abubuwan da ke sa a dawo da kaya. Gyaran waɗannan ba ya buƙatar mutum-mutumi. Yana buƙatar sikeli domin a auna bagaruwa daidai da nauyin fata, da cire ƙwayar bagaruwa kafin a niƙa, da takardar gwajin tsami mai araha, da ganga mai juyawa da ƙaramin injin lantarki wadda sola za ta iya ja, domin ganga tana rage kwanakin jima da yawan ruwa, da kuma ramukan tacewa a jere inda laka za ta kwanta kafin ruwa ya fita. Marinan Ƙofar Mata da Kura sun daɗe da sanin wannan tunani, tun da katsin da ya kwanta a gindin karofi ba zubar da shi ake yi ba, ana busar da shi a ƙone a sake amfani da shi.

Babban darasin Italiya a ganina yana wajen haɗin kai. A yankin Santa Croce sull'Arno akwai ɗaruruwan majemu, yawancinsu ƙanana na iyali, kuma babu wanda zai iya gina matatar ruwa shi kaɗai, sai suka haɗu suka riƙe matatun haɗaka da ruwansu yake bi, da wata masana'antar haɗin gwiwa da ke tsamo kuromiyam daga ruwan da aka yi aiki da shi ta mayar musu. Ko can ɗin ba a rabu da matsala ba, domin a 2021 aka bayyana binciken da masu gabatar da ƙara suke yi a kan inda aka riƙa zubar da tokar lakar matatun. Amma idan aka kwatanta da halin da kogin Challawa yake ciki a Kano, inda ruwan kamfanonin jima ya daɗe yana gangarawa kusa da gonakin rani, za a ga abin da tsarin haɗaka yake iya yi.

Game da wuta, sola ta riga ta shiga kasuwanninmu, kuma tun 2018 hukumar samar da wuta a karkara ta Nijeriya ta fara shirin ba shagunan kasuwar Sabon Gari ta Kano wutar rana. A Indiya gidauniyar SELCO ta nuna wata hanya da ta dace da mu: kafin a sayi faifan sola, a fara canza injin da ke cin wutar. Keken ɗinkin masana'anta mai tsohon inji yana juyawa yana cin wuta ko ba a ɗinki, sabon nau'in kuwa ba ya ci sai an taka, don haka faifai da batir kaɗan sun ishe shi. A kuma kula da inda tsohon batir mai dalma yake ƙarewa, domin fasa shi a cikin unguwa guba ce ga yara.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a sashen injiniyan lantarki, ina shekarar ƙarshe, kuma mahaifina masassaƙi ne. Ina son aikin kammala karatuna ya shafi kobot da sana'ar hannu. Ta ina zan fara?

AMSA: 'Yata, Allah ya ba da sa'a. Ki fara daga rumfar mahaifinki da littafi da agogo, kafin ki taɓa kwamfuta. Ki ɗauki abu guda, ko turmi ko kujerar zama, ki rubuta kowane mataki tun daga gungume har gamawa, da mintunan da yake ci, da inda ake yanke shawara da ido, da inda hannu kawai yake maimaitawa, da inda ƙura take tashi. Ƙurar katako da ta fata duk suna cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji na hanci, saboda haka matakin guga shi ne ya fi cancantar a nema masa na'ura. Sau da yawa wannan lissafi zai nuna miki cewa maƙali mai kyau ko injin zuƙe ƙura ya warware matsalar, kuma rubuta hakan da hujja sakamako ne na bincike mai daraja.

Idan lissafin ya nuna kobot ya dace, to ki yi tunaninsa a matsayin kayan haɗaka irin injin niƙa na unguwa, wanda ƙungiyar masu sana'a ko kwalejin fasaha za ta mallaka, kowa ya kawo aikinsa ya biya kuɗin sa'a. Ki tuntuɓi cibiyar NCAIR da ke Abuja a ƙarƙashin NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta Nijeriya, wadda aka buɗe a 2020 domin harkar mutum-mutumi, idan kuma kika karkata ga fata akwai cibiyar nazarin fasahar fata ta NILEST a Samaru ta Zariya. Ki kuma sa yanayinmu a cikin lissafin. Yawancin waɗannan hannaye an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 50 ba, rumfar kwano a watan Afrilu kuwa tana iya kusantar haka, ƙurar hunturu tana shiga akwatin sarrafawa ta fankarsa, wutar da ke hawa tana sauka kuma tana ƙone allunan lantarki, don haka batir da inbata mai daidaita wuta suna cikin kuɗin saye tun farko. A babin ƙarshe na aikinki ki ware shafi ga tambayar da za a yi wa dillali kafin a sa hannu a takardar ciniki: wa zai gyara na'urar idan gaɓa ɗaya ta lalace, a wane gari yake zaune, kuma kwana nawa kayan gyara za su yi kafin su iso.